ITATUWAN MAGANI DA YAƊUWAR SANKARAR MAMA

Gabatarwa

A unguwar Hammadu Kafi ta birnin Gwambe, kamar yadda yake a sauran unguwannin garuruwan ƙasar nan, ba a rasa jin maganar maganin daji. Ana jin ta daga bakin masu talla da lasifika a kan mota, ana jin ta a wurin biki da suna, yanzu kuma har cikin wayar hannu take bin mutane. Galibi abin da ake faɗi shi ne wai Turawa da kansu sun gano cewa ganye kaza ko saiwa kaza na kashe sankarar mama, saboda haka babu amfanin zuwa asibiti. Cikin wannan magana akwai gaskiya, akwai kuma ɓata mai halaka rai. An shirya wannan ɗan littafi ne domin a rarrabe wa jama'a tsakanin biyun, musamman mata da mazajensu da masu maganin gargajiya.

Al'amarin ba ƙarami ba ne. Bisa ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya, a shekarar 2022 mata kimanin miliyan 2.3 ne suka kamu da sankarar mama a duniya, wajen 670,000 kuma suka rasu ta dalilinta. A Nijeriya kaɗai, a wannan shekara, an ƙiyasta sababbin kamu fiye da 32,000 da mace-mace fiye da 16,000. Ita ce kan gaba cikin dukkan ire-iren ciwon daji a ƙasar nan.

Yadda Ciwon Yake Yaɗuwa

Jikin ɗan Adam an gina shi ne da ƙwayoyin halitta ƙanana waɗanda ido ba ya gani sai da madubin likita. Kowace ƙwaya tana da wurin zamanta da lokacin da za ta rabu biyu da lokacin da za ta mutu. Sankara tana farawa ne sa'ad da wasu ƙwayoyi suka ƙi bin wannan ƙa'ida, suka dinga hayayyafa ba tsayawa, har su taru su zama ƙullutu.

Ƙullutun da ke zaune cikin mama ba shi ne yake kisa ba galibi. Abin da ke kisa shi ne yaɗuwa, ita kuwa tana bin matakai. Da farko wasu ƙwayoyi sukan saki 'yan'uwansu su ɓalle. Sa'an nan su fitar da wani ruwa mai narkar da tantanin da ya kewaye su, kamar yadda gara ke cin dangar gida. Daga nan su faɗa cikin hanyoyin jini ko hanyoyin farin ruwan jiki. Zangonsu na farko yawanci kaluluwar hammata ce, shi ya sa likita kan laluba hammata idan yana duba mama. Waɗanda suka tsira cikin jini sukan sauka a ƙashi, ko huhu, ko hanta, ko ƙwaƙwalwa. A can sai su jawo wa kansu sababbin jijiyoyin jini domin su sami abinci. Wasu sukan kwanta shiru shekaru da yawa kafin su farka.

Tun a shekarar 1889 wani likitan Ingila mai suna Stephen Paget ya bincika bayanan mata 735 da wannan ciwo ya kashe, ya lura cewa ba ko'ina ciwon yake sauka ba, yana da wuraren da ya fi so. Ya kwatanta abin da iri da ƙasa, watau iska tana iya kai iri ko'ina, amma ba ya tsira sai inda ƙasa ta karɓe shi. Kowane manomi ya san wannan. Ya kuma san cewa ciyawa tana da sauƙin nomewa kafin ta zubar da 'ya'ya.

Haka lamarin yake a asibiti. Idan aka sami ciwon tun yana cikin mama, ana iya warkar da shi sarai. A ƙasashen da mata ke zuwa da wuri, fiye da 90 cikin 100 suna raye bayan shekara biyar da gano ciwon. Idan kuwa ya riga ya kai ƙashi ko hanta, abin da magani ke yi shi ne ya danne shi, ya rage raɗaɗi, ya tsawaita kwana da yardar Allah, amma da wuya ya tumɓuke shi. A Nijeriya yawancin mata ba su isa gaban likita sai ciwon ya yi nisa, kuma wannan shi ne babban dalilin yawan mace-macen da aka ambata.

Magungunan Asibiti da Suka Fito Daga Itatuwa

Masu cewa akwai maganin daji cikin itatuwa ba su yi ƙarya ba. Da yawa daga cikin alluran da ake yi wa masu sankarar mama a asibitocin koyarwa na Gwambe da Zariya da Kano asalinsu tsiro ne. Misali uku sun isa.

Na farko, wani ɗan fure ne ɗan asalin tsibirin Madagaska, mai launin fari ko ja-ja, wanda ake shukawa don ado a gidaje da ofisoshi har a nan ƙasar. A tsibirin Jamaika mutane suna shan jiƙon ganyensa don ciwon sukari. Da wasu masana biyu na Kanada, Robert Noble da Charles Beer, suka gwada shi a kan ɓeraye, ba su ga ya rage sukari yadda ake zato ba, sai suka ga yana karya fararen ƙwayoyin jini. Daga nan ne a 1958 suka tace sinadarin binbilastin. Daga baya a Faransa aka sarrafa wani ɗan'uwansa, wanda ake sayarwa da sunan Navelbine, ana kuma ba da shi ga matan da sankararsu ta yaɗu. Amma fa sai an tara busasshen ganye kimanin kilo 500 kafin a sami giram 1 na binbilastin, kuma ta jijiya ake ba da shi. Wadda ta tsinko ganyen a bakin ƙofa ta dafa ta sha ba ta sha maganin daji ba.

Na biyu shi ne Taxol. Tsakanin 1960 da 1981 Cibiyar Binciken Ciwon Daji ta Amurka ta gwada tataccen ruwan tsire-tsire har kashi 114,000. Cikin wannan tarin, 'yan kaɗan ƙwarai ne suka zama magani. A 1962 aka sassaƙo ɓawon wani icce na dazuzzukan yammacin Amurka. Monroe Wall da Mansukh Wani suka ware sinadarin da ke cikinsa, suka bayyana siffarsa a 1971. A 1979 wata masaniya, Susan Horwitz, ta gano yadda yake aiki, watau yana sandarar da ƙwayar ne daidai lokacin da take shirin rabuwa biyu. Ba a amince a fara ba majiyyata shi ba sai 1992, don sankarar mama kuwa sai 1994. Daga sassaƙe zuwa allura shekara talatin ke nan.

Na uku ɗan Afirka ne. A 1972 Morris Kupchan ya fitar da sinadarin maitansin daga wani ɗan icce na ƙasar Habasha. A ɗakin bincike ƙarfinsa ya ba kowa mamaki, amma da aka gwada shi a jikin mutane sai dafinsa ya rinjayi amfaninsa, aka jingine shi. Bayan shekaru masu yawa masana suka yi dabarar ɗaura shi a jikin wani magani da ke neman ƙwayar daji ya manne mata, domin dafin ya sauka a kan ciwon ba a kan lafiyayyen jiki ba. A 2013 aka amince da shi da sunan Kadcyla. Duk da haka ba kowace mace yake yi wa aiki ba, sai wadda aka auna aka ga ciwonta na da wata alama da ake kira HER2, watau kimanin mace ɗaya cikin biyar masu ciwon.

Darasin da ke cikin waɗannan misalai a fili yake. Icce yana iya ɗauke da magani, amma sai an ware sinadarin, an san ma'auninsa, an san wadda zai yi wa amfani da wadda zai cutar.

Itatuwan Ƙasar Hausa da Binciken da Ake Yi

Masu maganin gargajiya na Arewa suna da itatuwan da suka gada don ciwon da suke kira daji ko jeji: hano, sabara, gwandar daji, tsada, marke, maɗaci, uwar magunguna da sauransu, ana jiƙawa a sha ko a daka a shafa. A 2007 masanan harhaɗa magunguna na Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya sun buga sakamakon wani bincike da suka yi tsakanin masu magani Hausawa da Fulani kan yadda suke fahimtar daji da abin da suke bayarwa. Irin wannan aiki yana da daraja, domin yana adana ilmin da tsofaffi ke tafiya da shi kabari.

Sai dai akwai abin lura. Kalmar daji a bakin jama'a ta haɗa abubuwa da yawa: gyambon da ya ƙi warkewa, maruru, kumburin nono na mai shayarwa, da ƙullutun da ba sankara ba. Yawancin ƙullutun da ake samu a mama ba sankara ba ne. Saboda haka mai magani yana iya faɗin gaskiyar abin da ya gani idan ya ce ya warkar da daji, alhali kuwa abin da ya warke ba shi ne wanda likita ke nufi ba. Babu mai iya rarrabewa da ido ko da hannu, sai an ɗebi ɗan tsoka an duba da madubin likita.

A ɗakunan bincike na duniya ana gwada sinadaran tsire-tsire a kan ƙwayoyin sankarar mama da ake renonsu cikin kwalba. Akan shimfiɗa ƙwayoyin cikin faranti, a ja layi a tsakiyarsu, a zuba sinadarin, a ga ko zai hana su rarrafawa su rufe layin. Ta wannan hanya an ga kurkumin da ke cikin kurkur, da timokwinon da ke cikin habbatus sauda, da sinadaran zogale da shuwaka da wasu dangin gwandar daji, suna rage motsin ƙwayoyin ko suna kashe su. Waɗannan sakamako na gaskiya ne, su ne kuma masu talla ke ɗauka su ce kimiyya ta tabbatar.

Amma faranti daban, jikin mace daban. A faranti sinadarin yana zuba ne kai tsaye a kan ƙwayar. A jiki kuwa sai ya bi ta ciki, hanji ya tsotse shi, hanta ta sarrafa shi, sa'an nan abin da ya rage ya isa wurin ciwon. Kurkumin, alal misali, kaɗan ƙwarai ne daga cikinsa ke shiga jini, saura jiki ya fitar. Bugu da ƙari, abin da ke kashe ƙwayar daji a faranti sau da yawa yana kashe lafiyayya ma. Har wa yau ƙarfin sassaƙe yana canzawa bisa ga ƙasar da iccen ya tsira da lokacin da aka sare shi, hanon da aka sassaƙo da rani ba lalle ya yi daidai da na damina ba. Ya zuwa yau babu jiƙo ko gari ko tsimi, na gida ko na waje, da aka gwada a kan mata bisa ƙa'ida aka tabbatar yana hana sankarar mama yaɗuwa ko yana warkar da wadda ta yaɗu.

Matakan da Magani Ke Bi

Kafin a kira abu magani, tilas ya haye waɗannan matakai:

1. A tabbatar da iccen da sunansa, a ware sinadarin da ke aiki.
2. A gwada shi a kan ƙwayoyi cikin ɗakin bincike.
3. A gwada shi a kan dabbobi don a ga amfaninsa da dafinsa.
4. A ba mutane 'yan kaɗan, da yardarsu, don a san ma'aunin da jiki zai ɗauka.
5. A ba majiyyata da dama don a ga ko ciwon yana ja da baya.
6. A kwatanta shi da maganin da ake da shi a kan ɗaruruwa ko dubban majiyyata.

Cikin magunguna goma da suka kai matakin gwaji a jikin mutane, kusan tara ba su kai ƙarshe. Yawancin labaran da ke yawo cikin waya sun tsaya ne a mataki na biyu ko na uku.

Nijeriya ta taɓa bin irin wannan hanya. Cibiyar Binciken Harhaɗa Magunguna ta Ƙasa da ke Idu a Abuja ta karɓi wani haɗi daga hannun mai maganin gargajiya, wanda cikinsa akwai masoro da kanumfari da karan dafi, ta bincika shi, ta gwada shi a kan majiyyata, ya zama Niprisan, maganin rage tashin ciwon amosanin jini. Wannan shaida ce cewa ilmin gargajiya da na zamani suna iya zama inuwa ɗaya idan kowa ya yarda a auna.

Haɗarin Jinkiri

Babbar ɓarnar dogaro da jiƙo kaɗai ita ce cin lokaci. A ɗauki misalin mace a Hammadu Kafi da ta ji ɗan ƙullutu kamar ƙwayar gyaɗa a mamanta. Ba ya ciwo, saboda haka ta yi shiru. Da ya girma sai aka kawo mata na sha da na shafawa. Wata shida, wata tara, shekara, ana sauya mai magani, ana sayar da akuya da kayan ɗaki. Ranar da aka ɗauke ta zuwa asibiti mama ya fashe, baya yana ciwo, numfashi yana sarƙewa. Asibitin kuwa tun farko tafiyar Keke Napep ce daga gidanta. Idan ta rasu sai a ce asibiti ne ya kashe ta, wata ma ta ji ta ƙi zuwa.

An auna wannan haɗari. A wani bincike na Jami'ar Yale ta Amurka da aka buga a 2018, an kwatanta masu ciwon daji da suka zaɓi maganin da ba na asibiti ba kaɗai da waɗanda suka karɓi na asibiti. Cikin masu sankarar mama, haɗarin mutuwa ga kashin farko ya ninka fiye da sau biyar.

Akwai kuma cutar da wasu itatuwan ke yi da kansu. Ruwan tumfafiya yana ƙona fata, yana kuma taɓa zuciya. Abubuwa masu zafi da ake ɗaurawa a kan ƙullutu sukan ci fata su buɗe gyambo, saiwar ciwon kuwa tana nan a ciki. Tsaga da ƙaho ba su fitar da sankara. A ƙasar Beljiyam, a farkon shekarun 1990, mata fiye da 100 sun sami ciwon ƙoda bayan sun sha wani haɗin rage ƙiba mai ɗauke da tsiro ɗan dangin dumar dutse, wasunsu kuma daga baya suka kamu da dajin hanyar fitsari. Daɗin daɗawa, wasu ganyaye suna rage ƙarfin allurar asibiti ko su ƙara mata dafi, domin hanta ɗaya ce ke sarrafa su duka.

Abin da Hukuma Ta Tanada

Dokar Abinci da Magunguna ta 1974 ta hana tallata wa jama'a wani abu da sunan maganin ciwon daji. Hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, tana ba magungunan gargajiya lamba mai ƙarewa da harafin L. Ma'anar wannan lamba ita ce an duba an ga ba ya cutarwa idan an sha bisa ƙa'ida. Ba ta nufin an tabbatar yana warkar da abin da aka rubuta a jikin kwalba.

Gwamnatin Tarayya ba ta gaba da maganin gargajiya. Ta fitar da manufar ƙasa a kansa a 2007, ta kuma buɗe masa sashe na musamman a Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya a 2018. Mai maganin da ya yi imani da abin da ke hannunsa yana da ƙofar da zai ƙwanƙwasa: cibiyar Idu, ko sashen harhaɗa magunguna na jami'o'i irin su Jami'ar Jihar Gwambe da ta Ahmadu Bello da ta Bayero.

Ta fuskar jiyya, Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gwambe, wanda aka kafa a 1996 ya zama na koyarwa a 2014, yana karɓar masu ciwon daji daga jihohin Arewa maso Gabas. Yana cikin asibitoci shida da aka fara da su a 2021 cikin shirin Asusun Tallafa wa Masu Ciwon Daji, wanda aka yi domin marasa ƙarfi masu sankarar mama ko ta bakin mahaifa ko ta mafitsarar maza. Wanda kuɗi ya yi wa cikas ya tambayi ofishin jin daɗin majiyyata na asibitin kafin ya yanke ƙauna.

Abubuwan da Ya Kamata a Riƙe

1. Kowace mace ta san mamanta. Ta riƙa dubawa sau ɗaya a wata bayan ta yi wankan al'ada. Ƙullutu, ko lotsawar fata, ko fata ta yi kamar ɓawon lemo, ko kan mama ya shige ciki, ko jini ya fito, ko kaluluwa a hammata, duk dalilai ne na zuwa asibiti cikin makon nan. Rashin ciwo ba alamar lafiya ba ce. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.
2. Hukumar Lafiya ta Duniya ta shata cewa a kammala bincike cikin kwana 60 daga ranar da mace ta fara zuwa. Ɗibar tsoka don aunawa ba ta yaɗa ciwon, ita ce ke nuna irin maganin da ya dace.
3. Maigida ya ba da izini, ya yi rakiya, ya ƙarfafa zuciya. Matar da aka cire wa mama tana nan matarsa, tana renon 'ya'yanta. Maza ma sukan kamu da wannan ciwo, ko da yake ba su da yawa.
4. Wadda ta fara jiyya, ko fiɗa ce, ko allura, ko gashi da na'ura, ko ƙwayoyin da ake sha shekara biyar, ta daure ta kai ƙarshe. Zubewar gashi da tashin zuciya masu wucewa ne.
5. Duk abin da majiyyaciya ke sha a gida, ko jiƙo ne ko gari, ta gaya wa likita ba tare da jin kunya ba. Zogale da kurkur cikin abinci ba laifi, amma ba su maye gurbin magani.
6. Masu maganin gargajiya da ungozomomi da wanzamai su ne galibi ake fara kai wa kuka. Wanda aka kawo wa mace mai ƙullutu a mama ya tura ta asibiti a ranar. Yin haka ba ya rage masa daraja, ceton rai ya yi.
7. Malamai da masu unguwanni su taimaka wajen faɗakarwa. Addini ya yi umarni da neman magani, addu'a da zuwa asibiti kuwa ba su saɓa wa juna.

Mai yiwuwa ne wata rana a sami sabon maganin sankara cikin wani icce na dazuzzukan ƙasar nan, kamar yadda aka samu a na Madagaska da Habasha, masana kuma suna kan nema. Kafin wannan rana ta zo, abin da aka tabbatar yana ceton mata shi ne zuwa da wuri da kammala jiyya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ana roƙon duk wanda wannan ɗan littafi ya shiga hannunsa ya karanta wa iyalinsa da maƙwabtansa waɗanda ba su iya karatu ba.